Yadda Ake Zaɓen Na'urar Nuna Hanya Don Mota Mai Ɗakin Kwana

Mota mai ɗakin kwana ba ta bin hanya kamar ƙaramar mota, ko an shigo da ita a haɗe daga Turai ko Amurka, ko kuwa Hiace ce mai tudun rufi, ko Coaster, ko Sprinter da aka kai wa masu walda da kafintoci suka sa mata gado da murhu da tankin ruwa. Ta fi tsayi, ta fi nauyi, kuma in ta kutsa lungun da bai ɓulle ba, juyo da ita babban aiki ne. Don haka kamfanoni irin su Garmin da TomTom suke ƙera na'urori na musamman da ake shigar wa da girman mota, su zaɓo mata hanyar da za ta ɗauke ta. Amma mai zaune a Kaduna ya riƙe wannan tun kafin ya taɓa aljihunsa: na'urar ba ta san komai ba sai abin da ke cikin taswirarta. Na'ura mai tsada da ba ta da taswirar Najeriya mai kyau, wayar hannu ta fi ta amfani. Taswira ake fara zaɓa, sannan a nemi abin da za a ɗora ta a kai.

Fara da auna motar

Kafin ka je kasuwa, ka samu tef ɗin awo, da katako miƙaƙƙe, da mutum ɗaya da zai taimaka maka. A tsayar da motar a daɓe mai daidai, ba kaya a ciki, tayoyi cike da iska, domin a lokacin ne ta fi tsayi. A gicciya katakon a kan abin da ya fi komai tudu a rufin, ko na'urar sanyaya ɗaki ce, ko faifan sola, ko ƙarfen ɗora kaya, ko murfin shan iska, sannan a auna daga katakon zuwa ƙasa. Kada ka dogara da adadin da ke cikin littafin motar, domin wannan awon masana'anta ne tun ba a ɗora mata komai ba. Hiace mai tudun rufi tana kusan mita 2.3, Coaster kusan mita 2.6, waɗanda aka gina wa ɗaki tun daga masana'anta kuwa sukan kai mita 3 ko su ɗan wuce. Abin da ka samu, ka ƙara masa santimita 10, saboda tsallen da mota ke yi a kan tudun rage gudu, da kuma kwaltar da ake ƙara shimfiɗawa a ƙarƙashin gada ba tare da an canza allon da ke nuna tsayin gadar ba.

Faɗi ana auna shi ne daga bakin madubin gefe zuwa bakin ɗayan. Tsawo daga bambar gaba zuwa ƙarshen duk abin da aka rataya a baya, tayar safaya ce, tsani ne ko kejin janareta. Nauyi kuwa, akwai ƙaramin allon ƙarfe ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin gidan inji da ke nuna iyakar abin da motar za ta iya kaiwa da kayanta. Yawancin na Turai kilo 3,500 ne. In da hali ka hau sikelin manyan motoci da ita cike da kaya da mutane. Ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 100 ya ƙara maka kilo 100 ke nan, ban da tukunyar gas da batura.

Ka rubuta adadin nan huɗu a takarda ka manna inda idonka zai riƙa kaiwa daga kujerar direba, da mita da kuma ƙafa. Na'urar da aka sayo daga Amurka da ƙafa da fam take lissafi: ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, mita 3.2 daidai take da ƙafa 10 da inci 6, kilo 3,500 kuma kusan fam 7,700 ne. Wanda ya rubuta 3.2 a gurbin da ake nufin ƙafa ya gaya wa na'urar cewa motarsa ba ta kai mita ɗaya ba.

Abin da ke zuwa daga sama da abin da ke cikin na'urar

Taurarin ɗan Adam na GPS mallakar Amurka ne, suna zagaye a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kuma abin da suke aikowa kawai shi ne lokaci da matsayinsu. Na'urarka tana buƙatar ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda kake. Wannan ba ya cin data, ba ya buƙatar layin waya, ba a biyan ko kobo. Rasha na da nata tsarin, GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma na'urar da ke kama biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin gano wuri, musamman a motar da ɗakin kwana ya rufo saman gilashin gaba ya tare rabin sararin sama. A fili, kuskuren waya mai kyau bai cika wuce mita biyar ba.

Sunan titi, gada, gidan mai, da inda aka hana shiga, duk ba daga sama suke zuwa ba. A cikin taswira suke. Haka kuma kada a haɗa wannan da na'urar bibiyar mota da ake ɓoyewa saboda ɓarayi. Waccan tana da layin waya a cikinta, aikinta ta gaya wa mai mota inda motar take, ba ta nuna wa direba hanya. Masu sayarwa da yawa duka biyun GPS suke ce musu, sai ka fayyace wadda kake nema.

Taswira

Tambayoyi uku ake yi wa kowace taswira. Akwai Najeriya a ciki, titi-titi? Ta wace shekara ce? Tana aiki ba intanet?

Ta farko ita ce ke kayar da mutane. Garmin na da jerin RV da ake sayarwa a Amurka da jerin Camper na Turai, masu fuska inci 7, 8 da 10, sai dēzl na manyan motocin kaya. Na Amurka da taswirar Arewacin Amurka suke zuwa, na Turai da ta Turai. In ka kunna irin wannan a Unguwar Sarki, za ta kama taurari sarai, ta nuna ka a matsayin ɗigo a kan fili fayau, wataƙila da layi ɗaya ko biyu na manyan hanyoyi. Ba lalacewa ta yi ba, taswirar ce babu. Ana iya gyara wannan ta hanyar sa mata taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke haɗawa kyauta a intanet, a katin memori, ko a sayi ta Tracks4Africa, wani kamfanin Afirka ta Kudu da ke yi wa matafiya taswirar nahiyar. Fayil ɗin OpenStreetMap da aka shirya don Garmin yakan zo da sunan gmapsupp.img, ana sa shi a jakar da aka raɗa wa suna Garmin a cikin katin, sannan a shiga saitin taswira a kunna shi. TomTom na da GO Camper da GO Expert, amma ba ta karɓar taswirar wani sai tata, don haka dole ka ga Najeriya da idonka a jerin ƙasashen da samfurin yake saukewa kafin ka biya.

Ga abin da talla ba ta faɗa. Zaɓen hanya bisa tsayi da nauyi yana aiki ne kawai inda wani ya riga ya auna gadar ya shigar da adadin a taswira. A Jamus ko Ingila an yi wannan aikin sosai. A nan kuwa kaɗan ne aka shigar, kuma abubuwan da suka fi yi wa doguwar mota ɓarna ba sa cikin kowace taswira: wayoyin lantarki da suka yi laƙo a Tudun Wada ko Rigasa, ƙarfen da aka gicciya a bakin layi don hana manyan motoci shiga, rumfar gidan mai, ƙofar otal, reshen mangwaro ko darbejiya. Saboda haka shirun na'ura ba ya nufin hanya ta buɗe. Takardar nan da ka manna a gabanka da idanunka su ne za su tsare rufin motar. A ganinmu, wanda tafiyarsa duk cikin Najeriya da Nijar ce bai kamata ya zuba ɗaruruwan daloli a kan na'ura saboda wannan fasahar kaɗai ba, domin yawancin abin da ya biya ba zai yi masa aiki ba.

Shekarar taswira kuwa, Kaduna da kanta ta isa ma'auni. An buɗe sabuwar gadar sama ta Kawo da gadar ƙasa ta Leventis a watan Janairun 2022, an faɗaɗa tituna da dama, an rufe wasu wuraren juyawa. Taswirar 2019 ba ta san da wannan ba, za ta ce ka kewaya shataletalen da babu shi. Ka matso da hoton waɗannan wurare biyu a fuskar na'urar, nan take za ka gane shekarunta.

Batun aiki ba intanet ba abin wasa ba ne. Da zarar ka bar babban titi zuwa ƙauyuka, sabis yana ɗaukewa. A ƙarshen Satumban 2021 ma an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. Taswirar da aka sauke cikin na'ura ba ruwanta da wannan. Waze kuwa, duk da amfaninta wajen cunkoso, da intanet take rayuwa, ba ita za a dogara da ita a daji ba.

Na'ura ta musamman, waya, ko rediyon Android

Na'ura ta musamman tana da fuska mai haske da ake gani cikin rana, lasifika mai ƙarfi da ke rinjayar ƙarar injin dizal, kuma ta fi waya jure zafi. Kira ba ya katse ta. Wasu suna haɗuwa da kyamarar baya marar waya. Ta dace da wanda zai ƙetara iyakoki da yawa ko zai kai motar ƙasashen da taswirarsu ke da cikakken bayani. Rauninta a nan shi ne neman wuri da suna: shago, asibiti ko sabon gidan mai da Google Maps ta sani, ita sau da yawa ba ta san su ba.

Waya ko kwamfutar hannu da manhajoji biyu ita ce muke ganin ta fi dacewa da yawancin mutane a nan. Google Maps ta fi kowa sanin wurare da cunkoso a biranenmu, tana barin a sauke yanki a ajiye, kuma tun 2019 tana da murya mai lafazin Turancin Najeriya. Amma ba ta da gurbin shigar da girman mota, ƙaramar mota take ɗaukar kowa, kuma za ta iya tura ka ta cikin kasuwa don ta rage maka minti uku. Ta biyun ita ce OsmAnd, wadda ke amfani da OpenStreetMap, tana aiki gaba ɗaya ba intanet, tana da gurbin tsayi, faɗi, tsawo da nauyi, kuma tana nuna ko hanya kwalta ce ko burji inda aka shigar da bayanin. Ta kyauta tana barin a sauke taswira bakwai. Organic Maps ta fi ta sauƙin sarrafawa, kyauta ce, sai dai ba ta da zurfin saiti. Akwai kuma Sygic da CoPilot masu sigar manyan motoci da ake biya. A gwada su a lokacin gwaji na kyauta a ga yadda suka san Kaduna kafin a saya.

In kwamfutar hannu za ka saya, ka kula: iPad da ke aiki da Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS a cikinta, sai mai gurbin layin waya, ko da ba ka sa mata layin ba. Na Android da yawa suna da shi, amma ba duka ba. Fuska inci 7 zuwa 8 ta wadatar. A babbar mota gilashin gaba yana da nisa da direba, inci 5 ya yi ƙanƙanta, inci 10 kuma in ba a sa shi ƙasa-ƙasa ba yana tare hanya. Zai fi kyau a ware wa motar na'urarta daban da wayar da kake amsa kira da ita. Amfani da waya a hannu yayin tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ke kamawa a kai, ban da haɗarin da ke cikinsa.

Rediyon Android da ake sakawa a gurbin rediyon mota shi ne na uku. Kyawunsa ba ya faɗowa, ba a cire shi a ɓoye, kuma kyamarar baya tana fitowa a fuskarsa da zarar an sa ribas. Matsalarsa kasuwa cike take da masu rauni. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 da ma'aji gigabait 64. Mai gigabait 1 ko 2 yana daskarewa daidai lokacin da kake tunkarar mararraba. Wasu ana rubuta musu adadin ƙarya har a shafin bayanin na'urar, don haka ka sa manhaja irin su AIDA64 ta karanto maka gaskiyar abin da ke ciki. In yana da Android Auto ko CarPlay, wato tsarin da ke nuno manhajojin wayarka a fuskar rediyon, ƙari ne mai kyau, amma ka tuna a lokacin wayarka ce ke aikin, rediyon fuska ne kawai.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Ko a shago ne a Ahmadu Bello Way, ko a Kasuwar Sheikh Gumi, ko ta hannu ce wani ya kawo maka, ka fito da ita waje inda ake ganin sama. Na'urar da ta daɗe a kashe ko aka ɗauko daga wata nahiya takan ɗauki mintuna kafin ta kama taurari, domin sai ta sake karɓar jadawalinsu, kuma cikakken jadawalin minti 12 da rabi yake ɗauka. Ka ba ta rubu'in awa a tsaye wuri ɗaya. In ta wuce haka ba ta kama ba, eriyarta ta samu matsala, ka ajiye ta. Ga waya ko kwamfutar hannu ta Android, ka sa manhajar GPSTest, ka kashe data da Wi-Fi, ka ga taurari nawa take gani da nawa take amfani da su.

Bayan ta kama, ka sa ta lissafa hanya zuwa Zariya, ya kamata ta ba ka kusan kilomita 80, sannan Kano, kusan 230. Ka nemi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da suna. Ka saurari ƙarfin muryar. Ka juya fuskar ga rana ka ga ko ana karantawa. Ka taɓa kusurwoyi huɗu na fuskar, domin a nan tsofaffi ke fara mutuwa. Ka zare caja ka ga ko za ta yi ko da minti goma. Batirin da ya kumbura yakan ɗago fuskar ko bayan na'urar, kuma irin wannan ba a barinsa a mota. Ka tabbatar maƙalarta da cajarta na asali suna nan, saboda wasu samfuran Garmin ta jikin maƙalar suke shan wuta, kuma samun wata a nan ba sauƙi.

Ɗaurawa, wuta da zafi

Wurin da ya dace shi ne ƙasan gilashin gaba ko saman dashbod, inda hannu zai kai ba tare da ka ɗaga bayanka daga kujera ba, ba a gaban jakar iska ba, ba kuma inda zai tare madubi ba. Robar da ke manne wa gilashi tana saki saboda ƙurar hunturu da zafin bazara. A goge gilashin da robar da ɗan sifirit, a bari su bushe, sannan a manna da safe kafin gilashi ya yi zafi. Ga fuska mai nauyi a kan hanya mai ramuka, maƙala mai gajeren hannu da aka ɗaure da kusoshi a dashbod ta fi; dogon hannu yana rawa har rubutu ya ƙi karantuwa, daga baya ya karye.

In na'urar tana yawan rasa taurari a cikin mota amma tana kamawa a waje, abu biyu ake zargi: ɗakin da ya rufo saman direba, ko gilashi mai sinadarin ƙarfe, har da wasu ledojin baƙaƙe gilashi. Maganinsa a matsar da ita gaba can bakin gilashi, ko a sa eriya ta waje. Rediyon Android yana zuwa da ƙaramar eriya mai kusurwa huɗu, kuma masu sakawa da yawa suna cusa ta bayan rediyon cikin wayoyi don aiki ya yi kyan gani. Ka tsaya a kansu su fito da ita saman dashbod, fuskarta na kallon sama, a kan ɗan faifan ƙarfe in ya samu.

Wuta tana da tarko ɗaya babba. Hiace da Sprinter volt 12 ne, amma Coaster mai dizal da manyan motoci da yawa volt 24 ne, batura biyu a jere. Ka karanta jikin cajar: in an rubuta 12 zuwa 24, ba damuwa, in 12 ce kaɗai, za ta ƙone. Rediyon Android volt 12 yake so, don haka a motar 24 sai an sa na'urar rage wuta mai ɗaukar aƙalla amfiya 10. Kada ka yarda mai wayarin ya ja wuta daga batir ɗaya cikin biyun, domin ɗayan zai riƙa cika fiye da kima, ɗayan yana ramewa, cikin 'yan watanni duka biyun su mutu. Cajar waya ko kwamfutar hannu ta kasance tana ba da aƙalla amfiya 2. Mai rauni za ta nuna tana caji alhali batir na sauka, saboda fuska a cikakken haske da GPS suna shan wuta fiye da abin da take bayarwa. In za a haɗa kai tsaye da wayarin mota, a ɗauko daga layin da ke mutuwa in an zare makulli, a sa fiyus na amfiya 2 ko 3 kusa da inda aka ɗauko. A rediyo, jan waya na makulli ne, rawaya ta batir kai tsaye, baƙa ta jikin mota. In aka haɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan batir, rediyon ba zai riƙa mutuwa ba, ka wayi gari mota ta ƙi tashi.

Zafin Maris da Afrilu shi ne babban makashin waɗannan na'urori. Dashbod ɗin motar da aka rufe a rana yana wuce digiri 60. Apple ta ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma kowace waya in ta yi zafi tana rage hasken fuska, ta daina caji, daga nan ta kashe kanta. A cire mata riga yayin tafiya, a juyo mata da bakin iskar sanyi, a yi mata 'yar rumfa da kwali in rana na dukanta. In an tsaya, a cire ta a sa a inuwa, a kuma goge zoben da robar ta bari a gilashi, domin shi ke gaya wa ɓarawo akwai abin ɗauka a ciki.

Saiti da shigar da wuri

Ka shigar da awon motar, ka zaɓi nau'in babbar mota ko mai ɗakin kwana, ka mayar da awo zuwa kilomita da mita. Ka zaɓi hanya mafi sauri, kada ka zaɓi mafi gajarta, domin ita ce ke bi da mutum ta lunguna da gonaki. Ka kunna guje wa hanyar da ba kwalta, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da burji ke zama taɓo, kwalbatoci ke karyewa. Ka sa iyakar gudun motar, misali kilomita 80 a awa, in ba haka ba lokacin isowa da za ta ba ka na ƙaramar mota ne, sai dare ya same ka a hanya.

Neman wuri da suna yana da wahalarsa. Unguwar Rimi za ka same ta a rubuce Ungwan Rimi, Angwan Rimi ko U/Rimi, sai ka gwada duka. Tudun Wada akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos da Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma guda a jihar Kano. Kullum ka duba nisan da ta nuna da hoton hanyar gaba ɗaya kafin ka tayar da mota. Abin da ya fi tabbas shi ne lambobin wuri: wanda za ka je wurinsa ya turo maka inda yake ta WhatsApp, ka kwafi lambobin. Nan ma da lura, domin salon rubuta su ya bambanta. Kaduna tana wajen digiri 10.52 arewa, 7.44 gabas. In na'urar tana kan salon digiri da minti ka rubuta 10 da 52, ta kai ka kusan kilomita 39 arewa da inda kake nufi, saboda digiri 0.52 minti 31 ne, kuma kowane minti ɗaya kusan kilomita 1.85 ne a ƙasa. Ka daidaita salon na'urar da na lambobin da aka turo.

Kai ke zaɓen hanya

Babu taswirar da ta san hanyar da ke da lafiya yau. Na'ura za ta iya nuna maka Birnin Gwari a matsayin hanyar da ta fi kusa zuwa yamma, ba ta san abin da direbobi suka sani ba. Matambayi ba ya ɓata: kafin doguwar tafiya ka je tashar Kawo ko Mando ka tambayi direbobin da suka shigo da safen nan, wace hanya suka biyo, ina aka karkatar da motoci saboda aikin titi, ina ba a wucewa bayan la'asar. Sannan ka tilasta wa na'urar bin abin da ka zaɓa ta hanyar sa mata zango-zango. Mai zuwa Yankari, misali, kada ya rubuta Yankari kawai ya danna. Ya sa Mararrabar Jos, Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, Dindima, sannan ƙofar gandun. Da haka ko ta sake lissafi a hanya, ba za ta yanke da kai ta wata ɓarauniyar hanya ba. Ka ɗora kowane zango a kan titin kansa, a ɓangaren da za ka bi. In ya faɗa tsakiyar gari, za ta shigar da kai kasuwa don ta taɓa ɗigon.

Ka riƙa adana wuraren da ka gwada ka ga sun karɓi motarka: gidan mai mai doguwar rumfa da dizal mai kyau, masallaci mai filin ajiye mota, masauki mai faɗin ƙofa da maigadi, inda ake cika tukunyar gas, inda ake samun ruwa mai tsabta, bakanike da mai faci. Haka wuraren da ka ga waya ta yi ƙasa ko an gicciya ƙarfe, ka sa musu alama da tsayinsu. Garmin da OsmAnd duka suna fitar da waɗannan a fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da wurare da hanyoyin da aka adana, wanda za ka ajiye kwafinsa a wani wuri, ka kuma tura wa wani mai irin motarka.

Kwana biyu kafin tafiya, a gida inda akwai intanet mai ƙarfi, ka sabunta taswira, ka sake sauke yankunan Google Maps domin suna ƙarewa in an daɗe ba a sabunta su ba, ka sauke ta Nijar in za ka ƙetara ta Jibiya zuwa Maraɗi. Kada ka yi sabuntawa a safiyar tafiya, domin in wuta ko intanet ta yanke a tsakiya, na'urar za ta iya tashi ba taswira ko ɗaya. Bayan an gama, ka kashe data, ka sa ta lissafa hanyar daga farko zuwa ƙarshe don ka tabbatar komai ya sauka. Ka rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a jere a takarda, ka ba wanda ke zaune kusa da kai, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin iyali tare da lokacin da kake sa ran isa kowane zango.